LAYI, SALANGA DA TAKARDA: KAFIN A ZUBA SIMINTI A FALANKO

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan ƙungiyarmu, tsohon ma'aikacin tsabta wanda ya aje aiki, ya yi a taronmu na bayan girbi. Mun buga shi don waɗanda ba su sami halarta ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.



Ranka ya daɗe mai gari, Allah ya ja zamaninka. Allah gafarta malamai. Iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, da ƴan'uwa waɗanda suka taso daga Damagaram, da Kano, da Yamai, da Agadas, da Arlit, da waɗanda suka sauko daga Libiya da Aljeriya, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma yi muku barka da kaka.

Da farko ina neman gafara, domin maganar da aka ɗora mini yau ba irin wadda yaro ke yi gaban iyayensa ba ce. Maganar salanga ce, watau abin da ƴan'uwanmu na Kano ke ce wa masai ko shadda. Amma shekara talatin na yi ina cin abinci da wannan aiki, na kuwa ga gawar da kunya ta jawo. Saboda haka ku yi mini haƙuri, zan faɗi kowane abu da sunansa.

Abu uku zan taɓa: layin gari, da ramin salanga, da takardar neman taimako. Mai ji zai ce abubuwa uku ne dabam dabam. Ni kuwa a wurina igiya ɗaya ce ta ɗaure su, in aka saki ɗaya sauran biyun sun zube.

LAYIN GARI

Kowa ya ga yadda gari ya sake kama a ƴan shekarun nan. Albarkacin guminku, ku ƴan ci-rani, inda dā bukka take yanzu ɗakin kwano ne, inda darni yake yanzu katanga ce. Mun gode Allah, mun gode muku. Amma yawancin ginin nan daga nesa ake yinsa. Mutum yana Tamanraset ya aiko kuɗi ya ce a yi masa ɗaki biyu, ƙanensa ya kira magini, magini ya ja igiya inda ya ga dama. In an ci taki ɗaya daga hanya, sai a ce ai taki ɗaya ne. Maƙwabci ya gani, shi ma ya ci nasa. Kafin shekara biyar hanyar da amalanke biyu ke wucewa ta koma lungun da jaki mai mangala ba ya shiga.

Ba da wani zan fara ba, da gidanmu zan fara. Wana, Allah ya jiƙansa, ya ja katanga ta tare inda ruwa ke bi tun zamanin kakanninmu. Na yi masa magana, ya ce shekara nawa rabon da a ga ruwa a nan. Shekara uku ba abin da ya faru. A ta huɗu aka yi ruwa na dare ɗaya, ruwan ya zo ya tarar an rufe masa ƙofa, sai ya shiga gidan maƙwabcinmu ya kayar da rumbu biyu cike da hatsi, sa'an nan ya dawo ya kayar da katangar. Abin da muka biya ya fi kuɗin ginin, zumuncin kuwa sai da aka shekara biyu ana ɗinki. Ruwa ba ya manta hanyarsa.

Kada kuma mu ce Damargu ƙasar fari ce. Duk wanda ke wurin nan ya tuna daminar 2024, wadda ambaliyarta ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a Nijar. A ranar 3 ga Satumba ta shekarar nan tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe, masallacin da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Doka ba ta bar wannan magana haka nan ba. Tun 2 ga Maris 1993 aka kafa dokar ƙasar karkara, ita ce ta haifar da hukumomin filaye da muke ce wa Kofo. Hawa uku ne kusa da mu: akwai ta ƙauye wadda mai gari ke shugabanta, akwai ta komin, watau ƙaramar hukuma, akwai kuma ta gunduma a Tanut. Su ne ke ba da takardar shaidar cewa fili na gado ne, ko na saye, ko kyauta, ko aro. A 2010 kuma aka ƙara dokar kiwo, wadda ta tsare burtali da makiyaya da mashaya, ba mai ikon nome su ko gina su. Mu da muke zaune kan iyakar noma da kiwo mun fi kowa sanin abin da toshe burtali ke jawowa.

A manyan garuruwa ana yin abin da ake kira lotisma. Masu awo su zo su yanka fili gida gida, su fid da hanyoyi, su ware wurin lakwal, da likita, da kasuwa, da maƙabarta, sa'an nan a kafa turakun siminti. Ko masu awo sun zo mana bana ko sai baɗi, ba abin da zai hana mu yi namu da igiya. Dattawa sun san inda ruwa ke bi, sun san gefen da gari ke ci. A fita da su rana ɗaya, a kafa turaku, a rubuta, a kai wa Kofo ta sa hannu. Gyaran layi da turke ba ya cin ko dala. Gyaransa bayan an zuba siminti sai da rusau, rusau kuwa ba ya zuwa sai da gaba.

RAMIN SALANGA

Yanzu ga maganar da na nemi gafara a kanta. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna wajen mutum biyu cikin uku a Nijar daji suke zuwa, a karkara kuwa abin ya fi haka. Ba sai an kawo mana ƙididdiga ba, kowa ya san bayan garinmu. Dā gari ƙarami ne, daji kusa, ga itatuwa. Yanzu gari ya faɗaɗa, gonaki sun matso, itace ya ƙare. Iyayenmu mata da ƴaƴanmu mata sai su jira duhu, ko su yi sammako tun kafin assalatu, ga maciji, ga kunama, ga mai ciki, ga tsohuwa mai ciwon ƙafa. Mutum ya gina ɗaki na jika ɗari biyar, ya sa ƙofar ƙarfe, amma mahaifiyarsa tana jiran faɗuwar rana da buta a hannu. Wannan ba mutunci ba ne. Malamanmu kuma sun sha gaya mana addini ya hana ɓata hanya, da inuwar da mutane ke zama, da wurin ɗiban ruwa.

Wani zai ce rijiyoyin Damargu suna da zurfi, mai ja sai ya gaji kafin guga ta fito, ƙazanta ba za ta kai can ba. Gaskiya ne suna da zurfi. Amma cutarmu ba ta ƙarƙashin ƙasa take zuwa ba, ta sama take zuwa. Ruwan farko na damina yana share bayan gari tas ya zuba a tabki, inda yara ke wanka, mata ke wanki, wasu har su sha. Igiyar guga tana jan ƙasa inda mutane da dabbobi suka taka, ta koma cikin rijiya. Ƙuda ya tashi daga can ya sauka a kan ƙwaryar fura. Ga hanyar gudawa, da atuni, da tsutsar ciki, da zazzaɓin hanji. Ga kuma hanyar kwalara, wadda a 2021 ta kama mutum fiye da 5,000 a Nijar, ta kashe fiye da 150, jihar Damagaram na cikin inda ta shiga. Mai kwalara yana iya tashi lafiya da safe a yi jana'izarsa kafin gari ya sake wayewa.

Waɗanda suka zauna Kano sun san duba-gari, wanda ke shiga gida ya leƙa randa, ya duba masai da kwata, ya ci tara. A nan ma akwai ma'aikatan tsabta, kuma a 1993 an yi dokar tsabtar jama'a wadda ta ɗora wa mai gida nauyin tanadin wurin ba-haya, ta ba ma'aikata ikon dubawa. Mutane suna ɗaukarmu abokan gaba. Bari in gaya muku abin da muke dubawa, don kowa ya zama duba-garin gidansa kafin baƙo ya zo.

Na ɗaya, nisa. Tsakanin rami da rijiya ko tabki kada ya gaza mita 30, watau kamar taki arba'in na babban mutum. Ramin ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Kada a haƙa shi kan hanyar ruwa, kada a manna shi da katangar maƙwabci, kada kuma a fitar da shi waje a ci layi.

Na biyu, ginin rami. Ƙasarmu rairayi ce, rami marar gini rushewa yake. A haƙa shi zagaye kamar rijiya, domin mai kusurwa ya fi saurin zubewa. A ɗaure shi da bulo, a bar ƴan kafofi a ƙasa don ruwa ya tsotse, a liƙe rabin mita na sama sosai, a ɗaga bakinsa sama da ƙasa don kada ruwan sama ya shiga. Na taɓa zuwa wani gari inda aka shimfiɗa itace aka yaɓe da laka, gara ta cinye itacen daga ciki ba wanda ya sani, wata safiya ya rufta da yaro. Allah ya sa an ciro shi da rai.

Na uku, murfi. A zuba dal na siminti da ƙarfe, mai santsi yadda zai wanku, ƙofarsa ƙarama yadda yaro ba zai faɗa ba, da marfi mai mariƙi. Wanda ke da hali ya sa bututun iska wanda ya zarce rufi, a ɗaure bakinsa da raga. Wari ya bi bututu ya fita, ƙudan da ya bi haske ya tarar da raga ya mutu a can. In an sa bututu, ɗakin ya kasance da ɗan duhu, kuma ba a toshe ƙofar ramin, don iska ta riƙa ratsawa.

Na huɗu, wanke hannu. Buta da sabulu a bakin ƙofa. In babu sabulu, toka tana yi.

Ana yawan tambayata, shekara nawa rami ke yi? Ga lissafi. Abin da ke taruwa na mutum ɗaya a shekara wajen lita 50 ne. Gida mai mutum 10, lita 500 ke nan, watau tano biyu da rabi. Rami mai faɗin mita 1 da zurfin mita 3, in an bar rabin mita na sama, yana ɗaukar kusan tano goma. Shekara huɗu ke nan. Saboda haka mai dabara rami biyu yake yi. In na farko ya kusa cika a rufe shi da ƙasa a koma na biyu. Bayan shekara biyu abin da ke ciki ya bushe ya zama ƙasa, cutar ta mutu, a kwashe a kai gona. Kada a kwashe ɗanye a zubar a bayan gari, wannan mai da cutar gida ne.

Ina da jan kunne na musamman ga masu dawowa daga birni. Kun ga ban-ɗaki irin na zama, mai ruwa, da babban rami na siminti wanda ake ce wa fos, kuna son irinsa. Ku san yadda yake aiki. Ɗaki biyu ne a ƙarƙashin ƙasa. A na farko mai nauyi ke kwanta, ruwan ya tsallaka na biyu, daga nan ya wuce wani rami mai tsakuwa inda ƙasa ke shanye shi. Kowace shiga sai an kora da lita da yawa, bayan ƴan shekaru kuma dole motar zuƙa ta zo. Ina ruwan, a garin da ake jan guga da raƙumi? Nawa ne kuɗin kiran mota daga Damagaram? Na ga fos da yawa da suka toshe a shekarar farko, masu su suka koma daji, kuɗin ya tafi. Sai in kana da famfo a gida wanda ba ya yankewa. In babu, yi rami biyu da bututu, ka huta.

TAKARDAR NEMAN TAIMAKO

Na gida, mai gida ne zai yi. Amma na lakwal, da na kasuwa, da na likita, da magudanar ruwa, sun fi ƙarfin mutum ɗaya. A nan ne ake cewa gwamnati ta manta da mu. Bari in gaya muku yadda kuɗin ke tafiya.

Falanko komin ce mai zaman kanta a gundumar Tanut, kamar Gangara da Ollelewa. A 2004 aka yi zaɓen farko na majalisun komin a Nijar. A 2008 aka kafa hukumar ANFICT don ta riƙa isar da kuɗin gwamnati da na masu taimako zuwa ga jihohi da komin. Asusu biyu aka ɗora mata: ɗaya na tallafa wa tafiyar da aiki, ɗaya na daidaitawa, watau don komin marar ƙarfi ta sami abin yin gini. A 2011 aka cire Belbeji daga Tanut ta zama gunduma. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 waɗansu ƙasashen waje sun dakatar da taimakonsu, sa'an nan a watan Afrilu 2024 aka rusa majalisun da aka zaɓa, aka naɗa kantomomi. Ban kawo wannan don siyasa ba. Na kawo shi don mu gane cewa kuɗi sun ƙaranta, masu nema sun yi yawa, kuma ko wa ke zaune a ofis, magajin gari ne ko kantoma, takarda zai duba.

Abin da na gani a shekarun aikina shi ne, tambaya huɗu ake yi. Ta farko: aikin nan yana cikin tsarin raya komin? Kowace komin tana da littafin tsari na shekara biyar, daga cikinsa ake fid da ayyukan kowace shekara. Abin da ba a rubuta a ciki ba, da wuya a ba shi ko tamma. Ranar da ake zaman rubuta shi kuwa mu muna gona ko muna ci-rani, sai daga baya mu ce an yi son kai. Ta biyu: filin na wa ne? Ba mai zuba miliyoyi a filin da gobe magada za su taso su ce na kakansu ne. Sai da takardar kyauta ko ta saye, da hannun Kofo. Ta uku: me mutanen gari suka kawo? Galibi ana neman wani kaso daga gare mu, ko kuɗi, ko yashi da tsakuwa da ƙarfin samari. Ta huɗu: wa zai kula bayan an gama? Duk mun ga salangar lakwal da aka gina da kyau, shekara biyu ƙofa ta ɓalle, awaki suka gaje ta.

Na taɓa raka takardar wani gari, na salangar kasuwa. An yarda, an ware kuɗi, ma'aikaci ya zo duba wuri. Sai ya tarar wani ya kafa shago a rabin filin, sauran rabin kuma taki goma ne daga rijiya. Aka ce su kawo wani fili da takarda cikin wata ɗaya. Suka tsaya gardamar wa zai bayar. Wata ya cika, kuɗin ya koma wani gari. Har yau suna cewa an zalunce su. Ba wanda ya zalunce su, layi da rami da takarda ne suka kayar da su a rana ɗaya.

Akwai kuma abin da ya sake, wanda ya kamata dattawa su sani. Tun wajen 2009 aka shigo da wani tsari a Nijar wanda a cikinsa ba a raba wa gidaje siminti kyauta. Gari ne da kansa zai tashi ya ce ya bar zuwa daji, kowane gida ya haƙa nasa, sa'an nan hukuma ta zo ta duba, ta ba gari shaida. Wanda ke zaune yana jiran a kawo masa dal daga Yamai zai daɗe yana jira. Garin da ya riga ya yi nasa kuwa, in ya je neman na lakwal ko na kasuwa, maganarsa tana da nauyi.

ABIN DA NAKE ROƘO

Iyayenmu sun tuna zamanin Seyni Kunce, yadda samariya ke fita gayya ta gina ajin lakwal, ta share gari. Hannun nan bai mutu ba. Ga roƙona guda biyar, in taro ya yarda a rubuta.

1. Kafin ƴan ci-rani su koma, a fita da mai gari da dattawa a kafa turakun hanyoyi, da hanyar ruwa, da burtali, a ware filin jama'a, a kai wa Kofo.

2. Duk wanda zai aiko kuɗin gini, kuɗin salanga ya zo tare da na ɗakin farko. Maginanmu su yi alkawari ba za su aza bulo ba sai sun ga inda rami zai zauna.

3. Ƙungiya ta sayi ma'aunin zuba dal guda ɗaya, ta tura samari biyu su koyi aikin, su riƙa yi wa gari da sauƙi. Gwauraye mata da tsofaffi marasa ƙarfi, a yi musu gayya.

4. A buɗe asusu na kason gari, kowane reshe ya riƙa zubawa duk wata, a riƙa karanta lissafinsa a wannan takarda tamu, don ranar da aka ce mu kawo namu kada a same mu hannu wofi.

5. A naɗa mutum uku mazauna gida, cikinsu har da mace, su riƙa zuwa ofishin komin suna jin ranar zaman tsari, su kuma zaga gida gida sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta. Ba tara za su ci ba, shawara za su bayar.

Na san za a ce hatsi bai ishe mu ba, ana maganar rami. Ni ma ɗan Damargu ne, na san shekarar da rumbu ke wayewa wofi. Amma ku lissafa abin da gida ke kashewa in yaro ya kwanta da gudawa: kuɗin mota, kuɗin ƙarin ruwa, kwanakin da uwa ta bar aiki, akuyar da aka sayar da asara. Wani lokaci a yi duk wannan, a dawo da zane kawai. Buhun siminti biyu bai kai wannan ba.

Abin da na faɗa daidai, Allah ya ba mu ikon aikatawa. Inda na yi kuskure ko na yi kaushin baki gaban iyayena, a yafe mini. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, ya jiƙan magabatanmu.